Ƙanwar Mai Alkaki

Ranar Alhamis da ta wuce Yaya Rakiya ta cika shekara biyar da rasuwa. Babu wanda ya tuna a unguwarmu sai ni, kuma ban ga laifin kowa ba. Unguwar tamu, Kwamba a nan Suleja, gidajen haya ne. Yawancin waɗanda suka taya mu zaman makoki sun tashi tuni, wasu sun koma Bagama, wasu sun bi aiki Abuja. Na dama kunu na rarraba sadaka, na yi mata addu'a, sannan na koma ɗaki na zauna ni kaɗai kamar yadda na saba.

Duk wadda ta aurar da 'ya a Suleja a wancan lokacin, da wuya a ce ba ta san Rakiya mai alkaki ba. Kayan gara muke yi, wato kayan zaƙin da ake raka amarya da su ɗakinta: alkaki, dublan, nakiya, cincin. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, Yaya ba ta iya suya ba. Allah ya jiƙanta, ko ƙosai ta tsaya a kansa sai ya ƙone, don hira za ta ɗauke mata hankali. Ita baki ce da ƙafa. Da ta ji an sa ranar 'yar wani gida, za ta yafa mayafi ta hau Keke mai ƙafa uku da ɗan bokitin ɗanɗano, ba ta dawowa sai da aiki a hannu. Ni ce mai kwaɓi, ni ce mai naɗi, ni ce a gaban kasko. Mazajenmu sun riga mu gidan gaskiya a shekaru kusa da juna, sai muka kama ɗakuna biyu a gida ɗaya, da ɗan madafi a ƙurya, muka ci gaba da rayuwa a haka.

Ƙofar madafin nan kullum a rufe take idan ina aiki. Daga Innarmu na gaji wannan. Ta koya mana cewa kwaɓin alkaki ba ya son ido. In baƙo ya leƙa ya yaba bai ce tubarkalla ba, to za ki ga alkakin yana wargajewa a cikin mai, ki yi asarar alkama da wahalarki. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba ne, ni dai na taɓa ganin ya faru, kuma tun daga ranar ban ƙara barin kowa ya tsaya mini a kai ba. Yaya kan yi mini tsiya ta ce ni amarya ce da aka manta ba a yi wa buɗar kai ba. Zaman bayan ƙofa ya yi mini daidai: ita a san ta, ni a bar ni da kaskona.

Da kasuwanci ya fara komawa cikin waya, Yaya ce ta fara shiga a cikin sa'o'inta. Ta buɗe shafi, tana ɗaukar kanta tana tallar kayanmu, tana dariyar nan tata har da kyakyatawa. Wata rana ta turo ƙofar madafi da waya a hannu.

"Saude, ɗago kanki mutane su ga mai aikin."

Na ja mayafi na rufe fuska, na kuma kife tire a kan kwaɓin. Na ce, "Yaya, ki rufa mini asiri. A kasuwa wanda ya kalli kayanki kina kallon bakinsa, kin san ya ce tubarkalla ko bai ce ba. Wannan abin kuwa idanu ne rututu, ba ki san na alheri ba, ba ki san na hassada ba."

Ta ce, "Idanun nan su ne masu saye. In na mutu fa, wa zai san ki?"

Na ce mata ta daina yi wa kanta fata. Ta yi dariya ta fita, ta bar mini ƙofar a buɗe don neman magana, na tashi na rufe abata.

Da daminar shekarar Yaya ta kwanta ciwo, ba ta yi mako ba Allah ya karɓi abarsa. Mata sun cika gidan nan har waje. Sun yi mini gaisuwa kamar yadda ake yi wa kowace 'yar'uwar mamaci, amma ba su san ni ba. Wata hajiya ta zauna dab da ni a tabarma, ta share hawaye, ta ce wa ta kusa da ita, "Shi ke nan, alkakin kirki ya ƙare a Suleja." Hannuna yana kan cinyata, duk tabon ƙunar mai. Na kalle shi, na kalle ta, na ja mayafi na rufe shi. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan rana ba, a tsakiyar taro.

Abin da hajiyar ta faɗa shi gari ya ɗauka. A shekarar farko 'yan'uwa da maƙwabta sun ɗan kawo aiki, daga nan sai ƙafa ta ɗauke. Ɗana Nura, wanda ke aiki a Kaduna, ya buɗe mini shafi a wayar Yaya, ya koya mini ɗora hoto. Na yi ta ɗora hotunan tire cike da alkaki yana sheƙi, babu fuska, babu murya. Sai ga tambayoyi: wa ke yi yanzu? Ina kike? Ki nuna kanki mana. Mutane sun sha wuya a hannun masu damfara, waɗanda ke satar hoton kayan wani su karɓi kuɗin biki su ɓace, don haka ban zarge su ba. Amma akwai wata da ta rubuta mini cewa in ji tsoron Allah in daina cin abinci da hotunan marigayiya Rakiya. Ranar ko shayi ban iya sha ba. Alkakin da na naɗa da yatsuna, na soya da hannuna, shi aka ce na sata.

Bara Nura ya gaji. Ya zo ya tarar da kasko a kife, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin turmin nakiya. Ya ce, "Umma, zaman me kike yi a nan? Bayan babbar sallah zan zo da mota, ki tattara ki dawo wurinmu." Yaro ne mai tausayi, matarsa ma ba ta da matsala. Amma na san abin da komawar ke nufi. Zan zama tsohuwar da ake ajiye wa abinci a kwano, madafin nan a ba wani ya zuba gawayi, sana'ar da Inna ta bar mana ta mutu a hannuna. Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce lokacin ke nan, zuwa sallah.

Sau da yawa nakan zauna da wayar nan ina kallon abin da duniya ta koma, ina tunanin me Yaya za ta ce. Yanzu mai sayar da yaji sai ta yi kwalliya kamar mai zuwa biki kafin ta nuna robar yajin. Mai gwanjo yana shela kai-tsaye daga tsakiyar kasuwa, mutane suna ciniki daga ofisoshinsu a Abuja. Wasu har rawa suke takawa a kan sabulu. Na san rawar ba za ta burge ta ba, za ta ce wannan kuma neman suna ne. Amma sauran, ai da ta yi iyo a ciki. Da yanzu Suleja ta yi mata kaɗan. Zamanin nan nata ne, sai Allah ya ɗauke ta ya bar wadda ko gaisuwar biki sai an ja ta.

Kuma bari in faɗi gaskiya, ba kwaɓin kaɗai nake ɓoyewa ba. Na haura hamsin. Haƙorina ɗaya na gaba ya fita, hayaƙi ya dafe mini fuska, in na yi magana a gaban mutane muryata rawa take. Ina tsoron dangin mijina su ce ga Saude can ta tsufa tana tallar kanta a waya. Ina tsoron yara su yi mini dariya a inda ba na ganinsu. Maganar tubarkalla gaskiya ce a zuciyata, amma ta zame mini inuwar da nake fakewa.

Ɗakin Yaya yanzu Maman Chidi ce a ciki, wata 'yar kudu mai sayar da zannuwan gado, wadda ta daɗe a Suleja har Hausa ta zauna a bakinta, ko da yake da ɗan gargada. Kullum ina jiyo ta ta bango tana tallarta a waya. Ita ce ta same ni wata safiya, saura 'yan makonni sallah, ina ɗaure tukwane a buhu.

"Anti Saude, wannan fakin na mene ne? Za ka tafi ka bar ni da su waye?"

Na gaya mata komai, har da maganar Inna. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta ce su ma a garinsu akwai irin wannan, kakarta ba ta yarda a ƙirga mata 'ya'yan kaji. Ta ce in kwaɓa alkama yau, gobe da hantsi za ta zo da wayarta. Na kwaɓa ne kawai don kada ta ce na raina ta.

Washegari ta zo ta wangale ƙofar madafin da kanta, ta ce haske take so. Ta ɗaga waya, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Muka sake, na kira sunana ba daidai ba. Muka sake, na tsinci kaina ina kallon ƙasa kamar mai laifi a gaban alƙali. Sai ta sauke wayar, ta leƙa cikin kwaɓin, ta ɗaga murya ta ce, "Tubarkalla! To, ni na faɗa. Sauran mutane kuma ka gaya musu su faɗa da bakinka. Oya, fara."

Haka na fara. Na ce, "Salamu alaikum. Duk wanda ya ga wannan aiki, don Allah ya ce tubarkalla. Sunana Saude, ƙanwar marigayiya Rakiya mai alkaki. Ni ce nake soya mata tun farko, kuma ina nan a Kwamba, ban mutu ba." Daga nan hannuna ya karɓi aikin. Na naɗa, na jefa a mai, na tsame, na tsoma a ruwan suga. Ko ɗaya bai fashe ba. Da ta ɗora abin a shafina, na kashe wayata na cusa ta ƙarƙashin katifa, ban kunna ba sai da aka kwana biyu.

Da na kunna, tubarkalla ce jere-jere har yatsana ya gaji da ja. Akwai mai tsiya ɗaya da ya ce Mama a je a sa haƙori; ya ba ni haushi, na kuma ga ban mutu ba. Dangin mijina ba su ce komai ba, in ban da wata da ta tambayi farashin dublan. Aiki ya fara dawowa kaɗan-kaɗan, ba kamar da ba, amma ya isa in ce wa Nura ya bar motarsa a Kaduna.

Bidiyon kansa kuwa na ƙi kallonsa, sai ranar Alhamis ɗin nan, bayan na gama rabon kunu. Na zauna a bakin gado na danna. Ga wata tsohuwa tana magana a ɗarare, ba ta burge ni ba. Sai can wajen ƙarshe, inda Maman Chidi ta ɗauki alkaki da zafinsa ya ƙona ta, matar cikin wayar ta fashe da dariya, ta jefa kai baya, ta dafe ƙirji da hannun hagu. Yaya Rakiya ce sak. Ban taɓa sanin haka nake dariya ba, don ban taɓa ganin kaina ina yi ba.

Na daɗe ina neman abin da ya rage nata a duniya. Kayan sawarta an raba, ɗakinta wata ce a ciki, masu tuna sunanta suna raguwa kowace shekara. Ashe abin da ya rage yana jikina, ni kuma na kulle shi a madafi shekara da shekaru. Na mayar da wurin dariyar baya na sake kallo, na sake, har hawaye ya hana ni gani. Na juya in ce mata ta zo ta ga abin mamaki, babu kowa a ɗakin. Na share fuskata, na tashi na je na jiƙa alkamar bikin Asabar.