Irin geron da na ɓoye a tulu

Damina biyu bayan an kawo Shari'a, shekarar da rijiyar unguwarmu ta ƙafe, wani malamin gona ya zo Babban Mutum da buhunan iri. Ya ce duniya ce ta ɗumama, damina ta gajarta, geronmu na gado ba zai ƙara nuna ba, sai nasa mai sauri.

Na ce, "Ɗan nan, wa ya ɗumama ta?" Ya ce hayaƙin Turawa. Na ce, "Irin fa, wa ya aiko?" Sai ya hau sosa ƙeya. Tun nan na ƙi sakin jiki.

Maigidana ya karɓa, ya ce a daka namu a sha fura. Ban yi musu ba. Na sussuke zangarniya goma na ɓoye a tulu da toka, ruwa na sauka na shuka bayan gida. Ruwa kuwa ya ɗauke da wuri. Gaskiya nasa ya yi, nawa ƙwarya ɗaya na samu. Amma iri bai bar hannuna ba, har yau jikokina na shuka shi.

Waɗanda suka ji zancen nan, saura ni da ƙanwar maigida, ita ma ta kurumce.