Ranar da Kotu Ta Je Sauraron Daka a Kibiya

A duk shekarun da na yi ina rubuta bayanin shari'a, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce wadda Alƙali ya kwashe mu, kotu guda, muka tafi wani gida a Kibiya don kawai mu saurari daka. Lokacin ba a daɗe da dawo da Shari'a a Kano ba, ni kuma ina ƙaramin magatakarda. Ga ku da kuka shigo aiki kwanan nan, aikina shi ne in zauna ƙasa da kujerar Alƙali, in kira ƙara, in rubuta duk abin da aka faɗa, in adana kayan shaida. Sama da ni akwai rajistara, a gefen Alƙali kuma akwai muhuti mai taimaka masa da duba littattafan fiƙihu.

Mai ƙara wani dattijo ne manomi, Alhaji Sale, mutumin Tarai. Ya shigo da hannunsa na dama cikin karan ɗori, an rataye masa shi a wuya da tsohon rawani. Ƙarar kai tsaye ya kawo, wato bai bi ta wurin 'yan sanda ba. Wadda yake ƙara kuwa Hajara ce, matar Malam Idi direba, mai jigila tsakanin Kibiya da Kano. Su ne suke haya a gidan Alhajin da ke cikin gari. Alhaji ya ce ta karya masa hannu da taɓarya, a cikin gidansa, da rana tsaka. Idan abin ya tabbata yadda ya faɗa, za a same ta da laifin raunata mutum, kuma a gari irin Kibiya wannan suna ba ya goguwa.

Ga yadda abin ya faru, kuma ba su yi musu a kan mafi yawansa ba. Da Alhaji zai ba da hayar gidan, ya ce ban da rumbun da ke bayan tsakar gida, domin a nan yake ajiye irin geronsa. Malam Idi ya yarda. Ranar da ruwan shuka ya sauka, Alhaji ya hawo babur daga Tarai don ya ɗebi iri, ya tarar Malam Idi ya tafi Kano tun da asuba. Ya tsaya a zaure ya yi sallama sau uku, ba a amsa ba, sai ya sa kai. Wani mai facin taya da ke ƙofar gidan ya ba da shaida cewa ya ji sallamar da kunnensa, duka ukun.

Hajara ta ce ita ba ta ji komai ba. Tana daka ne, ta ba ƙofa baya, daga ita sai ɗaurin ƙirji, don ta san babu namiji a gidan. Da ta juya za ta ɗauki rariya, sai ta ga ƙato da malafa a ka ya rufe fuska, yana tsaye jikin rumbu. Ta tambaya wane ne, sai ya juyo ya nufo ta da hannu a ɗage. Alhaji ya ce ya ɗaga hannun ne don ya ce mata shi ne. Ita kuwa ta ce ta ɗauka shaƙe ta za a yi. Ta kai duka ɗaya, malafar ta faɗi, ta gane shi. Ta yar da taɓaryar, ta yayimi mayafi, ta fita da gudu kiran maƙwabta.

Ba zan ɓoye muku ba, ina rubutu ne amma zuciyata tana wajen Alhaji. Ni ma ina da ɗan gida a Rano da na zuba 'yan haya, kuma makullin zaurensa guda yana cikin aljihuna a daidai lokacin. Na ce a raina, mutum da gidansa, ya yi sallama har uku, me kuma ake so ya yi? Abin da ya fi cina shi ne, anya mutum zai kasa jin sallamar da har mai faci a waje ya ji?

Ashe Alƙali ma abin yana cinsa. Mutum ne mai son ya gani da idonsa, har rajistara kan yi ƙorafi a bayan idonsa cewa ya fi son yawo da zama. Ya ɗage zama zuwa kashegari, ya ce a je gidan. Irin wannan fita zaman kotu ce cikakkiya: dole mai ƙara da wanda ake ƙara su halarta, kuma duk abin da aka gani sai ya shiga littafi.

Da muka isa, Alhaji Sale ya yi gaba yana cewa bismillah, a shigo. Alƙali bai motsa daga zaure ba. Ya dubi Malam Idi ya tambaye shi ko ya yi wa kotu izinin shiga. Malam Idi ya rikice, ya ce ai Allah ya gafarta Malam ba ya bukatar izini. Alƙali ya ce yana bukata, ya shiga ya shaida wa iyalinsa su kimtsa. Muka yi tsaye a zauren har ya dawo. Na lura Alhaji ya sunkuyar da kai, amma a lokacin ban gane cewa an riga an fara yanke hukunci ba.

Aka zaunar da ni kusa da turmi da littafina a cinya. Hajara, cikin hijabi har ƙasa, ta zuba gero ta fara daka da taɓaryar da aka aro a maƙwabta, domin tata tana kotu cikin kayan shaida, an ɗaura mata takarda. Alƙali da Alhaji suka koma zaure. Aka ce in yi ɗan zane a takarda duk lokacin da na ji sallama. Na kasa kunne iya ƙarfina, don ina so in ji. Turmin yana bugawa har cikin ƙirjina, tsakaninmu da zaure ga katanga ga lungu. Can sai na ga Alƙali a kaina yana tambayar zane nawa na yi. Na nuna masa farar takarda. Ashe Alhaji sau biyar ya yi, ta ƙarshe har da tari.

Na zaci shi ke nan, an gama. Da muka koma kotu sai Alƙali ya ce jin sallama ko rashin jinta ba shi ne gindin maganar ba, ya je ne don ya san ko matar mai gaskiya ce. Ya sa muhuti ya tuna wa kowa abin da muka koya tun muna yara: ana neman izini sau uku, in ba a amsa ba sai a koma. Alhaji ya ce ya san wannan sarai, amma ai gidan mutane ake nufi.

“Allah ya gafarta Malam, wannan gidana ne. Ni na kwaɓa ƙasarsa da ƙafata.”

Alƙali ya tambaye shi me aka rubuta a zauren gidansa na Tarai. Ya ce an rubuta ba a shiga.

“To da Malam Idi ya bar tayar motarsa ajiya a tsakar gidanka, ya zo ya yi sallama uku ba ka nan, ya shiga ya ɗauka?”

Alhaji ya ce subhanallahi.

Hukuncin na rubuta shi da hannuna. Alƙali ya ce wanda ya ba da haya ya riƙe mallakar gini, amma ya miƙa amfanin gidan, kuma sirrin mutanen ciki yana daga cikin abin da ya miƙa. Rumbu na Alhaji ne, hanyar zuwa rumbun kuwa sai da izinin mai zama. Game da dukan, ya lissafa abin da ya duba, kuma ina so ku riƙe shi, don kada ku je kuna cewa kotu ta halatta dukan masu gida. Matar ita kaɗai ce, ba ta san wanda ya shigo ba, ya nufo ta, ba ta je neman makami ba, abin da ke hannunta ta yi amfani da shi, sau ɗaya, kuma ta tsaya da ta gane shi. Ya ce da ta ƙara ko da duka ɗaya bayan malafar ta faɗi, da maganar ta canza. Ya sallame ta.

Hajara ba ta yi murna a fili ba. Ta durƙusa wa Alhaji daga nesa ta ce Baba ya yafe mata. Malam Idi kuma ya ɗauki irin geron a motarsa ya kai har Tarai, ya kwana biyu yana taya su shuka, don an riga an makara. A bakin kotu, ina taimaka wa Alhaji ya gyara ratayar hannunsa, ya ce mini hannu zai warke, abin da ya tsaya masa a rai shi ne a ce masa baƙo a gidan da ya gina. Na ji tausayinsa ƙwarai, don ba mugun mutum ba ne. Ya ɗauka sallama makulli ce, in ka murɗa sau uku ƙofa ta buɗe.

Abin da wannan shari'a ta koya mini shi ne, yawancin masu zuwa gabanmu sun san hukunci, sai dai kowa yana ganin ban da shi ake nufi. Ni da nake rubuta hukuncin ma haka nake. Da la'asar ɗin ranar da aka yanke hukuncin na sauka a Rano, na wuce gidan hayata, na tsaya a waje na yi sallama. Da ɗan hayar ya fito, na ciro makullin nan na ba shi. Ya tambaye ni ko lafiya, ko tashinsu zan yi. Na ce masa lafiya lau, nasa ne, na daɗe ina riƙe masa bai sani ba.