Muryar da Mika'ilu ya sayar

Mika'ilu bai gaji komai ba sai gona ɗaya da ɗakin mahaifiyarsa, a wani ƙauye kusa da Minjibir. Bayan Inna ta rasu, ya bi bangon ɗakin da kwalayen ƙwai, ya toshe taga da tsohuwar katifa, ya ajiye kwamfuta da makirufo. Wai situdiyo ke nan. Mutanen gari sun yi dariya, amma da biki ya taso su ne a ƙofarsa, a yi wa amarya waƙa har da sunan kakarta.

Sai shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi. Mai biki da kyar yake dafa shinkafa, ina zancen waƙa? Mika'ilu kan wuni shi kaɗai, janareta a kashe. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Abin da yake sa rai da shi a duniya Sakinatu ce, 'yar Malam Abdussalam mai Islamiyya a bakin kasuwa.

Ana haka Ja'afaru mai maganin gargajiya ya zo neman talla: maganin basir da na maza, a faɗi komai ɓaro-ɓaro, wai kasuwa ba ta son kunya. Damina ta kankama, gero na neman taki. Mika'ilu ya rufe ƙofa ya faɗa. Ja'afaru ya ɗaura lasifika a motarsa, ya shiga zagaya kasuwanni.

Ranar da aka ba Mika'ilu izinin gaida Malam, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a zaure.

"Malam, barka da hutawa."

Malam ya ɗago kai. "Sake faɗa."

Ya sake.

"Ashe kai ne. Duk ran kasuwa sai ɗalibaina mata sun toshe kunnuwa. Tashi, ɗana. Allah ya haɗa ka da rabonka."

Washegari Mika'ilu ya je ya roƙi Ja'afaru ya goge tallan. Ja'afaru ya yi dariya.

"Haba, maigida! Muryar da na saya? Ai an tura ta waya-waya har Bacirawa."

Bayan girbi aka ɗaura auren Sakinatu da wani malamin firamare. Geron Mika'ilu ya yi kyau, ya cika rumbu. Amma tun daga nan, in ka gaishe shi a hanya, hannu kawai yake ɗaga maka ya wuce.