Ƙafa ta Huɗu ta Teburin Shugaba

Shekara talatin da biyar Baba Kafinta ya yi a sashen gyare-gyare na jami'a, kuma abu ɗaya ya tsana a duniya: ya ga an naɗe takarda an cusa ƙarƙashin ƙafar tebur. Ko a ofishin farfesa ya gani, sai ya durƙusa ya zare ta ya miƙa wa mai ita. "Ranka ya daɗe, takarda ta karatu ce. In tebur na ɗingishi, a kira ni." A gida ma bai sauya hali ba. Matarsa ta taɓa tokare ƙafar gado da kwalin ashana, sai da ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwarta a daƙile.

Abin alfaharinsa shi ne teburin shugaban jami'a. Da hannunsa ya ƙera shi, katakon madaci, sai ƙarti huɗu ke iya ɗaga shi. Ya auna shi daidai da tsayin shugaban lokacin, wanda ma'aikata ke kira Dogo a bayan idonsa.

Ana nan sai majalisar gudanarwa ta sallami Dogo, ta naɗa wani da kafin sati ya zagayo aka laƙaba masa Guntu. Da Guntu ya zauna, tebur ya kai masa har ƙirji, sai ka ce ɗan aji ɗaya. Ya ba da umarni a rage inci huɗu daga kowace ƙafa. Baba ya sa zarto, ransa na ƙuna, amma bai yar da guntayen ba. Ya sa musu lamba da fensir, ɗaya zuwa huɗu, ya adana su.

Dogo ya kai ƙara. Bayan wata takwas kotu ta ce korar ba ta bi ƙa'ida ba, a mayar da shi bakin aikinsa. Ya aiko cewa kafin ya shigo ranar Litinin a mayar masa da teburinsa yadda ya bar shi. Baba har da 'yar waƙarsa ya kifa tebur, ya kawo gam da ƙusoshi. Ya haɗa ƙafa uku tsaf. Guntun katako na huɗu na hannunsa lauyan jami'a ya faɗo ofishin yana haki.

"Baba, ajiye gudumar nan!"

"Saura ɗaya, ɗana."

"Sabon shugaba ya ɗaukaka ƙara. An dakatar da wancan hukunci har sai babbar kotu ta saurare su. Komai ya tsaya yadda yake."

"To in cire ukun?"

"In ka cire, lauyoyin tsohon shugaba za su ce an warware abin da aka riga aka aiwatar. In ka ƙarasa, na sabon za su ce ka raina kotu."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Ita kotun ta san da teburin nan?"

"Ba ta sani ba, kuma don Allah kada ka sa ta sani."

Haka aka miƙar da tebur, ƙafa uku dogaye, ɗaya a sama tana shan iska. Guntu ya ɗora matashi biyu a kujera ya ci gaba da mulki. Duk sanda ya dafa gwiwar hannu zai sa hannu a takarda, sai tebur ya rusuna, kofin shayi ya kama hanya. Sakatariyarsa ta ce a kawo bulo a tokare, Baba ya ce sam, abin da aka tokare an manta da shi ke nan. Abin da ya fi ci masa rai shi ne baƙi, masu tambaya da dariya, "Wane kafinta ne ya yi wannan?" Ga shi saura wata biyar ya yi ritaya, kuma bai taɓa barin aiki a karkace ba.

Ya koma yawo da guntun katakon a aljihu. Ranakun zaman kotu kuwa ya fi malaman sashen shari'a sanin su. An ɗage saboda alƙali ya yi tafiya. An ɗage saboda lauya na mura. Matarsa ta ce, "Baban yara, masu rigimar har ƙiba suke yi, kai ka rame a kan guntun itace."

Ranar aikinsa ta ƙarshe aka sake ɗage zaman, zuwa bayan hutu. Ya hau ofishin shugaba yin sallama. A teburin sakatariya ya hangi kwafin takardun shari'ar, tun daga korar farko har zuwa ɗagewar ranar, an ɗaure su da igiya. Ya daɗe yana kallonsu. Ya zaro tef ya auna. Inci huɗu cif.

"Ɗana," ya ce wa lauyan jami'a da ya tarar a ofishin, "sa takarda a ƙasa ya saɓa wa kotu?"

Lauya ya yi nazari, ya ce bai ga inda aka hana ba.

Baba ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗaga kusurwar teburin shugaba da kafaɗa, ya tura ɗaurin takardun ƙarƙashin gajeriyar ƙafar. Ya danna nan, ya danna can, tebur ko motsi. Kunya ta rufe shi har wuya. Sakatariya, wadda ya sha yi wa faɗa a kan irin wannan, ta juya tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ya miƙa mata guntun katakon. "'Yata, in an gama shari'ar ki ba wanda ya gaje ni. Gefen da ke da lamba shi ke kallon bango. Kuma kada a ƙara ko shafi ɗaya a ƙasan nan, daidai yake."

Da ya isa gida, bai ko cire takalmi ba ya kira matarsa, ya ce ta yafe masa zancen kwalin ashana.