Kwanon da aka ajiye min a rumfar Inna

Jama'a, yau saura ƙiris ku ji mummunan labarina!

Wajen sha biyu na dawo daga Gafasa da yunwa, na tsaya rumfar Inna mai ɗanwake a Gaya, inda na saba ci. Ko zama ban yi ba ta miƙo min kwano a rufe.

"Ga saƙonka, Malam Sani. Wani ya kawo, wai daga matarka."

Dambu ne, da zafinsa! Alhali matata tun jiya tana Kademi wajen suna.

Na ce, "Inna, waye ya kawo?"

"Ban san shi ba. Ko mashin bai kashe ba."

Gabana ya faɗi. Na ɗebi kaɗan na watsa wa kazarta, ta tsattsage. Wallahi ba a jima ba ta fara layi, ta faɗi tana shure-shure!

Inna ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malam, kwano biyu na gani a hannunsa. Ya ce ɗayan makaranta zai kai wa yaranka."

Malaminsu ba ya ɗaukar waya. Na hau mashin yanzu zan tafi can. Duk wanda ke kusa da firamaren unguwarmu, don Allah ya ruga!