Kumurcin Malam Isiyaku Mai Tagulla

A da, hantsi na dubawa za ka tarar da Malam Isiyaku a zaurensa na Birnin Gwari yana murza kakin zuma. Da kakin yake siffanta dabba, ya lulluɓe ta da laka, ya gasa har kakin ya tsiyaye, sannan ya zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Kafin ya ƙera kowace dabba sai ya shiga daji ya ƙare mata kallo, har wani gwanki ya taɓa hawar da shi bishiya. Bana idanu sun gaza, ya rataye zugazuginsa.

Mutanen Tabanni ba su manta da daminar da ta biyo bayan samun mulkin kai ba. Birai suka addabi masarar Mary, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu, babbarsu Helen, kuma gonar nan ce abincinsu na shekara. Ta kwance mundayen tagulla da ta gada wurin uwarta, ta kai wa Malam, ta ce ya ƙera mata damisa don ta tsorata biran. Malam ya jinjina su a tafin hannu.

"Uwar Helen, waɗannan wutsiyar damisa kaɗai za su yi," in ji shi. "Amma in na sa wa wutsiyar kai, kin sami maciji."

Ya zuba mata kumurci mai fasasshen kai, ta girke shi a kan kunyar gonarta. Birai suka gani, suka yi ƙaura. Sai dai Mary ta manta ba ta gaya wa 'yan gayya ba. Ranar girbi maza goma na ganin macijin suka watse, wani ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Mainasara maharbi ne kaɗai ya dake, ya kai wa macijin sara, fartanyarsa ta rabu biyu. Ya rantse bai taɓa gamuwa da kumurci mai taurin kai irin wannan ba.

Kai ne, Malam, gwanin tagulla, ka ciyar da marayu huɗu da maciji. Ina ƙaunarka saboda wannan, kuma mu mutanen Tabanni mun gode. Masu sana'a su yi koyi da kai, su dubi bukatar mai kawo aiki kafin su dubi abin da ya kawo.

Da Mary ta cika rumbu, ta dawo da macijin a gyara masa tabon sara. Malam ya ƙi. Ya ce a duk aikinsa ba wanda ya taɓa yaba masa kamar Mainasara.