Girman Harafi da Idon Baba

Aikina buga takardu ne a ofishin wata makarantar sakandare a Kontagora. Tambayoyin jarrabawa, wasiƙun iyayen yara, jadawalin darasi, duk ta hannuna suke bi. Shi ya sa da rigimar gonarmu ta taso babu wanda ya tsaya shawarar wa zai buga takardar. Yayana da ke zaune a Kaduna ya kira ni ya ce, “Ai ke ce mai kwamfuta.” Da wannan ya sauke nasa nauyin.

Gonar tana ƙauyenmu, can gaba da Tungan Magajiya. 'Ya'yan ƙanin Baba ne ke noma wadda ke jikinta, kuma kowace damina sai sun ƙara kunya biyu ko uku a cikin tamu, suna gaishe mu da fara'a kamar ba su ba. Cikin waɗanda suka tsaya a wurin ranar da aka raba gonar, Baba kaɗai ya rage. Lauyan da yayana ya samo ya ce abu ɗaya yake bukata: Baba ya faɗi iyakar dalla-dalla, a buga, ya sa hannu kafin ruwa ya sauka.

Faɗin bai ba mu wahala ba. Yammaci uku muka yi a inuwar mainar tsakar gida, yana faɗa ina bugawa. Daga tsamiya mai rassa biyu zuwa suri, daga suri zuwa ɗorawa, daga ɗorawa a gangara bakin rafi inda dutse ya tsage. In ya zo kan sunan wani wuri sai Hausa ta gudu ta bar shi, ya koma Dukanci, harshen ƙauyenmu, ni kuma in jira ya dawo. A manhajar rubutu ta intanet na buga, irin wadda mutum biyu za su buɗe takarda ɗaya kowa yana garinsa, don yayana ya riƙa gani daga can. Shafi biyu da rabi ta kama, a girman harafi sha biyu, yadda ake buga kowace takardar ofis.

Na ce, “Baba, bari in karanta maka, sai ka sa hannu.”

Ya ce, “A'a, uwata. Miƙo in gani.”

Uwata yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Na yi dariya na ce, “Ko ni ba ka yarda da ni ba?”

“Ko ita mai sunan ce ta tashi daga kabari, sai na karanta da idona.”

Baba tsohon akawun kotu ne. Ya ga manoma da yawa da aka karanta wa takarda da baki, suka gyaɗa kai, suka dangwala yatsa, bayan shekara suka ji abin da ke rubuce ba shi ne abin da kunnensu ya ji ba. Tun yana saurayi ya ɗauki alkawarin ba zai taɓa sa hannu a abin da bai karanta da kansa ba. Duk gidanmu mun san wannan, har muna tsokanarsa da shi. Matsalar ita ce idon. Hawan jinin ido ya kama shi, likita kuma bai ɓoye mana ba: abin da ya tafi ya tafi, sauran ma yana hanya. Baba ya ce yana ganin duniya ne kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Na fitar masa da takardar a ofis. Ya kai ta har bakin hancinsa, ya juya ta wajen rana, ya ce tururuwa ce kawai ke tafiya. Na mayar da girman sha takwas, na mayar ashirin da huɗu. Da na ga takardun makaranta nake ƙararwa, sai na koma ɗauko kwamfutar zuwa gida kullum. Na kaurara harufan, na buɗa tsakanin layi da layi. Sannan na shiga jerin salon rubutun nan mai tsawo, wanda a ofis ban taɓa wuce biyu na farko ba. Akwai masu ƙafafu da ƙahoni, akwai masu santsi, akwai masu lanƙwasa irin na katin biki. Ina canzawa yana girgiza kai.

Can ya ce, “Babu irin na tafireta?”

Akwai. Na zaɓe shi, na kai girman talatin da shida, na kaurara. Baba ya matso da fuska, ya kafa wa harufan ido. Sai na ji ya ce, “Daga… tsamiya.” Wallahi sai da na juya baya na goge ido da bakin mayafi.

Da safe idon ya fi ba shi haɗin kai, don haka muka sa lokaci: bayan ya sha koko, kafin mai keken da ke kai ni ofis ya iso. Layi uku, in an yi sa'a huɗu. Duk abin da ya karanta ya amince da shi sai in shafa masa launin ɗorawa, mu san inda muka tsaya. A mako na biyu ya ɗaga yatsa ya ce, “Ina kaɗanyar da ke tsakanin suri da ɗorawa?” Na duba, ashe na tsallake ta wajen bugawa. Ya yi wata dariya da na daɗe ban ji ba, ya ce, “Da kin karanta mini da baki, da yau kaɗanya ta zama tasu.” Nan take na gyara.

Mako uku muka yi a haka, mun wuce rabi. Wata Litinin na buɗe takardar na ga harufa ƙanana, baƙi a kan fari, babu launi ko ɗigo. Yayana ne. Ya buɗe ranar Asabar, ya ga shafi biyu da rabi sun zama kusan talatin, ya zaɓi duka ya share kwalliyar, wai don lauya ya gani tsaf.

Ina da zuciya, ban musa ba. Nan take na kira shi a tsakar gida, na buɗe murya.

“Yaya, wa ya ce ka taɓa?”

“Ke, takardar ta zama kamar allon talla. Rubutu ɗaya ban canza ba, tsari kawai na gyara.”

“Tsari! Kana Kaduna kana gyara tsari, ni ina nan ina bin layi uku-uku da tsohon da idonsa ke mutuwa!”

Manhajar tana ajiye tsohon kwafi. Cikin minti biyu na dawo da komai yadda yake, launin da duka. Da na yi shiru na yi hakan tun farko, da Baba bai taɓa sani ba. Amma yana zaune a kujerarsa, ya ji komai, har da kalmar da na faɗa a kan idonsa.

Ya ce, “Wani hannu ya shiga takardar?”

“Na dawo da ita, Baba. Ko wasali bai canza ba.”

“Ke kika ce. A koma farko.”

Na roƙe shi, na durƙusa, na kira yayana ya rantse masa ta waya. Ya saurare mu duka da ladabi irin na akawu, sannan ya sake cewa a koma farko. Har yau in na tuna, ba yayana nake jin haushi ba kamar bakina.

Da muka koma farko, talatin da shida ta daina yi. Na kai arba'in da takwas, na kai sittin. Na mayar da shafin baƙi, harufan fari, don ya ce hasken yana sukar sa. A saba'in da biyu ya gane kalma biyu, ya sha ruwa, ya ce kansa na sarawa. Da na kai casa'in da shida sai ya ce: “Uwata, harafin ya fi ramin da nake leƙe ta ciki girma. Gefe ɗaya kawai nake gani.” Ƙarami ba ya ganuwa, babba ba ya shiga. Na yi ta hawa da sauka tsakanin lambobin nan kamar mai neman tasha a rediyo, ban samu inda ya tsaya ba.

Lauya ya ce a karanta wa Baba gaban shaidu ya dangwala yatsa, doka ta yarda. Da na faɗa masa, sai ya juya fuskarsa wajen bango.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da rana, yana watsewa. Wata safiya Baba ya matso da kujera da kansa, ya kafa ido a kwamfutar, ya fara karatu ba gargada. Tsamiya, suri, kaɗanya, ɗorawa. Farin ciki ya kama ni har na manta ban matsar da shafin ba. Da na duba, kalma biyu ce tal a fuskar kwamfutar, shi kuwa ya kai bakin rafi.

Ban tsayar da shi ba. Na san abin da nake yi. Na bar shi ya kai ƙarshe, na ɗauko kwafin da na daɗe da fitarwa, na ɗora masa a cinya, na sa masa biro a hannu, na kama yatsansa na nuna masa layin. Ya riƙe biron, bakinsa yana motsi. Sannan ya lalubo hannuna ya mayar mini da shi.

“Hadda ce, uwata. Kin sani, na sani.”

Ruwa ya sauka a makon. Wanda ya zo daga ƙauye ya ce 'yan'uwan namu sun shuka dawa har gindin kaɗanya. Yayana ya daina kira a kan maganar, lauyan ma ya kama wasu shari'o'in.

Baba yanzu ba ya bambance ni da ƙofar ɗaki sai na yi magana. Amma in ya gama shan koko yakan juyo wajen da ya ji motsina ya ce, “A cikin jerin nan naki, babu wani irin rubutun da ba mu gwada ba?”

Na gwada su duka, tun daga na sama har na ƙasa, wasu sau biyu. Sai in ce, “Akwai saura, Baba.” In buɗe kwamfutar, in ajiye ta a gabansa, in zauna kusa da shi har mai keke ya yi hon a ƙofar gida.